Wace tsutsa ce wannan? Yadda ake gane tsutsa da malam-buɗe-littafin dare daga hoto

A ƙarshen watan Agusta na bara, wani kawuna da ke noma a wajen Mirriya ya turo mini hoto ta WhatsApp, da saƙon murya a bayansa: "Ɗana, ku ne masu boko, duba mini wannan abar da ta addabe ni." Na buɗe. Tafin hannu ne, zanensa ya fito tas, a tsakiya kuma ga wani ɗan abu kore-kore da ya dushe kamar an shafe shi da man shanu. Na kira shi na ce, "Kawu, a kan me kuka same ta?" Ya ce, "A gona mana." Na ce wace shuka? Ya ce ai yaro ne ya kawo masa. Nan magana ta tsaya, domin a gonar akwai hatsi, akwai wake, ga ƴar masara a bakin fadama, ga zogale kusa da rijiya, kuma kowanne da irin tsutsarsa.

Na daɗe ina ɗaukar hoton ƙwari a nan Damagaram, daga bangon gidanmu da ke Birni har garaken Gidimuni. Abin da na fi tabbatarwa shi ne yawancin aikin gane ƙwaro ana gama shi tun kafin a danna hoton. Tsutsa baƙuwa ce. In baƙo ya shigo gari, dattawa kan tambayi gidan wa ya sauka da yaushe ya iso, kafin su kai ga sunansa. Haka za mu bi da ita.

Mu daidaita sunaye tukuna. Malam-buɗe-littafi kowa ya san shi, mai yawo da rana. Ɗan'uwansa mai zagaye fitila har ya faɗa wa mutum cikin miya, shi zan riƙa ce wa na dare. Asu mai cin tufafi a akwati yana cikinsu. Dukansu dangi ɗaya ne da masana ke kira Lepidoptera, masu garin nan a fuffuke da ke manne wa mutum a yatsa. An san nau'i wajen 160,000 a duniya, kuma kusan tara cikin goma na dare ne. Rayuwarsu hawa huɗu ce: ƙwai, tsutsa, kwanso, sai mai fuffuke. Tsutsar ce mai cin ganye. Uwar, ruwan fure take sha, wata ma ba ta cin komai har ta mutu.

Mataki na farko: hoton da za a iya karantawa

Kada ka cire tsutsar daga inda take. Da zarar ta bar ganyenta ta hau tafin hannu, rabin shaidarta ta ɓace. Fara da shukar gaba ɗaya daga ɗan nesa, yadda mai kallo zai gane hatsi ne ko dawa ko tumatir. Matso ka ɗauki ɓarnar: ganyen da aka ci, hudar da ke jikin kara, har kashin tsutsar. Sannan ita kanta, aƙalla ta fuska uku: daga sama yadda bayanta zai fito tun daga kai har wutsiya, daga gefe yadda za a iya ƙirga ƙafafu, sai kanta daga gaba. In mai fuffuke ne, sama da gefe, kuma in Allah ya sa ya buɗe fukafukan baya, kada ka yi sanya, domin sau da yawa can asirin yake.

Ajiye wani abu sananne a gefenta don girma: tsinken ashana, ko tsabar dala ashirin. A allon waya kowace tsutsa ƙatuwa ce. Wadda ke haƙa ganyen tumatir ba ta kai santimita ɗaya ba, wata mai ƙaho a wutsiya kuwa ta kan haura santimita goma, amma in ba ma'auni, duk biyun cika allo za su yi.

Sai ita wayar. Goge idon kyamara da gefen riga. Ƙurar garin nan da maiƙon yatsa sun ɓata hotuna fiye da arahar waya. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, kai ka matsa. Yawancin wayoyi ba sa iya kama abin da ya fi faɗin tafin hannu kusa da su, saboda haka in ka ga ya dushe, ja baya kaɗan ka taɓa allon daidai kan ƙwaron. Abin da ya sami kawuna ke nan: kyamarar ta zaɓi zanen hannunsa ta bar tsutsar. In iska na kaɗa ganyen, riƙe shi da hagu, ka ɗora hannun dama a kan hagun, su riƙa motsi tare. Ɗauki goma, ka ajiye biyu.

Hasken safiya ko na la'asar sakaliya ya fi. Ranar tsaka tana ƙone launi, kore ya koma fari. In dole ne, yi wa ƙwaron inuwa da hularka. Da dare wutar kyamara tana wanke zanen fuffuke, gara wani ya riƙe maka tocila daga gefe, an rufe bakinta da farar leda.

Kafin ka bar wurin, rubuta abu huɗu ko ka faɗe su a saƙon murya: rana, wuri, sunan shuka, da ɓangaren da aka same ta, ganye ne ko fure ko cikin kara. Ƙara da ko ita kaɗai ce ko taro ne. WhatsApp yana matse hoto, yana kuma share ranar da wurin da waya ta ajiye a cikinsa, sai fa in an tura shi a matsayin fayil.

Gizaka, mai gashi, kada ka sa mata hannu. Juya ta da tsinke. Wata ta taɓa faɗa mini cikin wuyan riga ina sunkuye a gonar wake, kwana uku ina susa.

Mataki na biyu: ƙirga ƙafafu

Ba duk mai rarrafe a ganye ba ne ɗan wannan dangi, kuma hoton gefe shi ke raba gardama. Tsutsar malam-buɗe-littafi tana da ƙafafu shida masu tsini a gaba, kusa da kai. Bayansu akwai ɗan fili, sannan waɗansu ƙafafu masu kauri kamar nonon akuya a ƙarƙashin ciki, waɗanda ba sa wuce biyar a kowane gefe: huɗu a tsakiya, ɗaya a can ƙarshe. In sun kai shida ko fiye a gefe guda, ɗiyar wani ƙwaro ce ɗan dangin zanzaro. In shidan gaba ne kawai, ga jiki fari a lanƙwashe kamar gwazarmar juji, buzuzu ko wani ɗan'uwansa ne zai fito. In babu ƙafa sam, babu kai sananne, ta ƙuda ce.

A cikin dangin ma ƙirgar tana aiki, domin masana sun raba shi gida-gida. Wadda ke da biyu kacal a kowane gefe, tana tafiya tana tanƙwara baya kamar mai awon yadi da taƙi, ƴar gidan Geometridae ce. Mai uku ita ma tana ɗan tanƙwarawa, irinta kan ci ganyen kayan garka.

Ga mai fuffuke, dubi ƴan ƙahonin kansa. Na rana, ƙahonsa siriri ne mai ɗan kulki a ƙarshe. Na dare, ko dai kamar zare, ko kamar gashin tsuntsu. Wannan ya fi lokacin da ka gan shi amfani, domin akwai wani fari mai ɗige-ɗigen ja da baƙi, Utetheisa, da ke tashi a ciyawa da rana tsaka alhali ɗan gidan dare ne. Akwai kuma mai rikita mutane a bakin fitila: dogo, fukafukai huɗu masu jijiyoyi kamar raga, babu gari a jikinsu. Wannan uban ƙwaron nan ne mai haƙa ɗan rami kamar mazurari a yashi, ba ya cikin lissafinmu.

Mataki na uku: gidan wa ta sauka?

Nan ne mafi yawan amsa take. Tsutsotsi da yawa ba sa cin komai sai shuka ɗaya ko danginta, don haka sunan shukar kaɗai kan rage dubu ya koma uku ko huɗu. Ga waɗanda aka fi turo mini daga karkarar Damagaram.

A zangarniyar hatsi, daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba, in ka ga wata hanya ta naɗe zangarniya kamar an murɗa mata igiya, furen ya tashi yana zubowa, murzuna ce, Heliocheilus albipunctella. A nan hoton ɓarnar ya fi hoton tsutsar ƙarfi, domin launinta ba ya tsayawa: tana ƙarama fari-fari ko rawaya, ta koma kore-kore, in ta kusa sauka ƙasa ta yi ja-ja. Sau ɗaya take haihuwa a shekara. Ta ƙoshi sai ta nutse cikin yashi ta kwanta, har sai wata damina. Duba hotonka da kyau: in ka ga murzuna a sandare ko ta yi baƙi, ga ƴan fararen kwanso ƙanana a gefenta, aikin wani ɗan mitsitsin zanzaro ne, Habrobracon hebetor, wanda ke shanye mata jiki ya yi ƙwai a kanta. Shi ne masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, a Maradi ke kiwo, ana kai wa manoma cikin ƴan buhunan garara su rataya a gona. Wanda ya ga wannan a hotonsa ya san yana da mataimaki, feshi zai kashe masa shi.

A cikin karan hatsi kuwa, in zuciyar shukar ta bushe ka tsaga ka ga farar tsutsa mai ɗige-ɗigen baƙi, Coniesta ignefusalis ce. Abin mamakinta, da rani tana zama cikin busasshen karan da muke yin danga da rumbu da shi, ɗigon ya ɓace, ta koma fara sol ko rawaya-rawaya. Hoton Agusta da na Fabrairu sai ka rantse nau'i biyu ne. Shi ya sa na ce a rubuta rana.

A wake, buɗe furen da ya yi yaushi ko ka duba inda kwanson wake biyu suka manne da saƙa da kashi. Tsutsa mai haske, da ɗigon baƙi bibbiyu a kowace gaɓa, Maruca vitrata ce. Uwarta tana da sauƙin ganewa a bango: fukafukan gaba ruwan ƙasa da ƴan tagogi farare, na baya farare da baki ruwan ƙasa, kuma a buɗe take zama.

A zogale, ƴar siririyar kore da kan haɗa ganye da saƙa, ta cinye shi ya zama kamar takarda, in an girgiza reshe ta sauko da zare tana lilo: Noorda blitealis. Ita ce ta kawuna. Bayan kwana biyu ya sake turo hoto, wannan karon da reshen zogale a ciki, ya ce, "To ɗana, yanzu fa?" Tsutsar har yanzu a dushe take, amma ganyen ya ba da amsa.

A garakar rani, shu, wato kabeji, yana da tasa: ƴar ƙarama mai tsawon wajen santimita ɗaya, in ka taɓa ta sai ta yi wutsil-wutsil da baya ta faɗi da zare, Plutella xylostella. A tumatir, in ganye ya yi farin tabo kamar taga, ka ɗaga shi a rana ka hango ƴar tsutsa da baƙin kashi tsakanin fatun ganyen biyu, Tuta absoluta ce, baƙuwa daga Kudancin Amurka da ta sauka Sifen a 2006 kafin ta gangaro Afirka.

Ba duka ne maɓarnata ba. A tumfafiya za ka ga wata mai zoben fari da baƙi da rawaya, da ƴan bulali shida a baya. Ita ce ke zama malam-buɗe-littafin nan ruwan goro mai baƙi da fari a ƙarshen fuffuke, Danaus chrysippus. Tana tara dafin tumfafiya a jikinta, shi ya sa tsuntsu ba ya kula ta. A lemo akwai wadda tana ƙarama sak kashin tsuntsu, in ta girma ta koma kore, in ka zungure ta ta fito da ƙaho biyu masu wari daga bayan kai: Papilio demodocus. Ita ce misalin da nake ba yara cewa tsutsa tana yin saɓa wajen sau huɗu ko biyar, kuma kowace saɓa tana iya zuwa da sabuwar riga. A itatuwan ƙaya kuma, in ka ga ɗan damin tsinkaye ko ƙayoyi a rataye yana motsi, akwai tsutsa a ciki, ƴar gidan Psychidae, gidanta take ja duk inda za ta. Manyan nan masu kaurin yatsa da ƙaho a wutsiya, da ake samu a ganyen dankali ko yalo, ƴan gidan Sphingidae ne. Ƙahon ba ya harbi, tsoro kawai yake sa a kashe su.

Mataki na huɗu: alama, ba launi ba

Launi maƙaryaci ne a wannan sana'a. Misali mafi kyau shi ne masara da dawa, inda tsutsotsi uku masu kama da juna kan haɗu.

Ta farko ita ce Spodoptera frugiperda, wadda ta fito daga nahiyar Amurka, aka fara ganin ta a Afirka ta Yamma a farkon 2016. Tana zama cikin kunnen masara, tana barin kashi kamar garin katako mai laima, in ta ƙoshi ta kai santimita uku zuwa huɗu. Kowa ya ji cewa tana da farar alama a goshi kamar gwafa a kife. Gaskiya ne, amma gwafar kaɗai ba ta isa ba, tsutsotsi da yawa suna da irin wannan ɗinki a ka. Sai ka haɗa da ta biyu: a gaɓa ta biyun ƙarshe, ta sama, ɗigo huɗu baƙaƙe manya da suka tsaya daidai kamar hudojin maɓallin riga. A sauran gaɓoɓin ɗigon huɗu ne, amma biyun gaba sun fi biyun baya kusa da juna. In hotonka bai nuna wutsiya daga sama ba, ba ka da wannan shaida.

Ta biyu, Helicoverpa armigera, ana samun ta kore, ana samun ta ruwan ƙasa, har mai ja-ja, duk a gona ɗaya. Tana da farin layi a gefe, fatarta da ɗan kaushi, kuma ɗabi'arta ce ke tona ta: ta cusa kai cikin tumatir ko kuɓewa ko goyon masara, ta bar sauran jiki a waje. Ta uku, Spodoptera littoralis, baƙaƙen alamu masu kusurwa uku gare ta a jere a gefen baya, waɗanda suka fi girma su ne na kusa da gaba da na kusa da wutsiya.

Dokar da nake bi: alama biyu da shuka ɗaya kafin in furta suna.

Mataki na biyar: farin zane da fitila

In kana son ganin iyayen, ba sai ka bi su ba. Rataya farin zane a igiyar shanya, ka sa fitila a gabansa. Dogon ƙwan lantarki irin na da ya fi ƙananan farare na yanzu jawo su. Daren da ya fi shi ne na duhun wata, mai zafi, babu iska, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, tsakanin Yuli da Oktoba. A farin wata ko cikin hunturu, zaman banza za ka yi. Fara bayan isha'i, ka leƙa zuwa sha biyu, sannan ka koma da asuba kafin ƙadangaru da kaji su riga ka. A lokacin sanyi ya kama su, suna zaune lamo. Sa takalmi, domin kunama ma ta san akwai walima, kuma in hangara ta sauka maka a wuya hure ta za ka yi, kada ka murje, fata za ta yi bororo.

Wanda ya ƙi zama, rufe shi da kwalba ka sa a firji wajen minti goma, ba ɓangaren ƙanƙara ba, ko ka ajiye a yashin gindin randa. Zai lafa ya ba ka hoto, in ya ji ɗumi ya tashi abinsa. Kada ka kama shi ta fuffuke. Garin da ya rage a yatsanka shi ne zanen da kake nema.

Fara da zama da siffa, su ke nuna gida. Mai jiki kamar harsashi da fukafukai sirara da suka koma baya, Sphingidae ne. A cikinsu akwai Acherontia atropos, mai zanen ƙoƙon kan mutum a doro, wanda in an taɓa shi yake ƙara kamar ɓera, yana kuma shiga amya satar zuma. Da Agrius convolvuli, toka-toka mai zoben ja-ja da baƙi a ciki. Mai kauri, ruwan ƙasa, da ya kife fukafukai kamar jinkar ɗaki, Noctuidae ne, gidan su murzuna. Nemi tabo biyu a fuffuken gaba, ɗaya zagayayye, ɗaya kamar ƙoda. Wanda ya shimfiɗa duka huɗun a bango, layi ya ratsa su daga wannan gefe zuwa wancan, galibi Geometridae ne. Ƙarami mai dogayen ƙafafu da ɗan tsinin baki kamar hanci, Crambidae ko Pyralidae. Siriri da ya miƙe fukafukai kamar mutum ya buɗe hannuwa, Pterophoridae. Babba mai ƙahon gashin tsuntsu da tabo kamar ido a fuffuke, Saturniidae.

Abu biyu kan yaudari mai farawa. Namiji da tamata ba lalle su yi kama ba: namijin frugiperda yana da zane da farin tabo a ƙarshen fuffuke, tamatar kuwa toka-toka ce ba ado. Sannan tsohon da ya sha duniya, garinsa ya zube, ya kan koma kamar tsumma. Irin wannan, gidansa kaɗai za a iya faɗa.

Mataki na shida: manhaja da mutane

Yanzu ne lokacin waya, bayan ka riga ka yi naka zato. Manhajojin Google Lens da Seek suna ba da amsa nan take. Na fi son iNaturalist, domin a can bayan kwamfuta ta yi hasashe, mutane ne ke dubawa, kuma ba a ɗaukar suna a matsayin tabbatacce sai fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawar sun yarda. Haɗa duk hotunan ƙwaro ɗaya wuri guda, sa rana da wuri, rubuta shukar. In ba ka son a ga daidai ƙofar gidanka, akwai zaɓin ɓoye wurin.

Amma ka san halin kwamfuta. Daga hotunan da aka ɗora take koyo, hotunan Sahel kuwa kaɗan ne in aka gwada da na Turai da Amurka. Ba ta cika yin shiru ba. In ba ta san ƙwaronka ba sai ta miƙo maka mafi kama da shi, ko da ɗan Faransa ne ko ɗan Indiya. Duk sunan da ta ba ka, yi masa tambaya uku: an taɓa samun sa a Nijar ko maƙwabta, kamar Najeriya da Chadi da Burkina Faso? Girmansa ya dace? Yana cin shukar da ka same shi a kai? Shafin AfroMoths yana jera ƙasashen da aka san kowane nau'i a Afirka, da shukokin da tsutsarsa ke ci. In ɗaya cikin ukun ya ƙi, koma baya ka tsaya a sunan gida. Rubuta "Noctuidae" kawai ba abin kunya ba ne. Akwai ƙananan ruwan ƙasa da yawa da ko ƙwararru ba sa raba su sai sun fede su a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

In maganar gona ce da sayen magani, kai hotunan wurin malaman gona ko ma'aikatan kare tsirrai kafin ka kashe ko dala. Na ga wanda ya nuna wa wani mai tebur a kasuwa hoton dushi-dushi, aka miƙo masa kwalba, ya fesa wa hatsin da murzunarsa ta riga ta sauka ƙasa.

Mataki na ƙarshe: in hoto ya gaza, yi kiwo

Tsutsotsin Afirka da yawa an san iyayensu amma ba a haɗa su da hoton yarintarsu ba, don haka hanya mafi tabbas ita ce ka bar ta ta girma a gabanka. Sami kwalba ko roba mai faɗin baki. Zuba yashi mai ɗan danshi kamar tsawon yatsa, domin da yawa a ƙasa suke yin kwanso. Tsaya ɗan kara a ciki don mai fuffuken ya sami abin hawa ya miƙe fukafukai. Rufe baki da yankin gidan sauro, ka ɗaure da roba. Murfi a zafin Damagaram dafa ta zai yi. Na farkon da na kiwata haka ta ƙare, kafin azahar. Ajiye a inuwa, cikin faranti mai ruwa saboda kiyashi. Tsutsa ɗaya a kwalba ɗaya, don su Helicoverpa da frugiperda suna cin junansu.

Kullum sabon ganye daga irin shukar da ka same ta, ka zubar da kashi, ka ɗauki hoto da tsinken ashana a gefe. In ta daina ci tana zagaye kwalba, lokaci ya yi, ƙyale ta. Frugiperda kan fito bayan mako ɗaya zuwa kwana goma a lokacin zafi. Wani sa'in maimakon malam-buɗe-littafi sai ka ga ƙuda mai gashi ko ƴan zanzaro sun fito. Ɗauke su hoto su ma, maƙiyanta ne da suka riga ka shiga jikinta. Wanda ya fito lafiya, ba shi sa'a biyu fukafukansa su bushe, ɗauki hoto, ka haɗa da na tsutsar da na shukar. In ba mai ɓarnar gona ba ne, sake shi da magariba.

Murzuna ce mai gwada haƙuri. Bara na sa uku a kwalabe cikin Satumba, suka nutse a yashi, shiru. Na san sai wajen wata guda bayan ruwan shuka suke fitowa, kuma in damina ta sauka ana yayyafa wa yashin ruwa, amma ban gaya wa kowa a gida ba. Cikin Disamba na dawo na tarar da kwalaben a wanke, a jere a madafa, ɗaya da yaji, biyu da daddawa. Uwargida ta ce, "Malam, ai yashi ne kawai a ciki." Bana na sake sa uku, na ɗora su can saman kabad, na manna wa kowace takarda: kada a taɓa sai Agusta.